Gilashin da ya fi ƙiftawar ido sauri

A zamanin yaƙin cacar baka, matuƙan jiragen Amurka masu ɗaukar makaman nukiliya sukan rufe ido ɗaya da ƙyalle. Idan hasken fashewar bam ya makantar da idon da ke buɗe, sai matuƙi ya yaye ƙyallen ya ci gaba da tuƙi da ɗayan. Dole ce ta sa haka, domin kafin mutum ya ƙifta, hasken ya riga ya shige can cikin ido. Wani gani ya dushe masa na ɗan lokaci, wani kuma tabon ƙunar ya zauna har abada.

Mafita ta fito daga cibiyar bincike ta Sandia a Amurka, inda Gene Haertling da Cecil Land suka haɗa wani tangaran garai-garai mai suna PLZT. Ana sa shi tsakanin matatun haske biyu da suka saɓa wa juna. Muddin da lantarki a jikinsa, haske na wucewa. Da na'ura ta hango walƙiya sai ta sauke wutar, gilashin ya yi baƙi ƙirin cikin kusan kashi 150 cikin miliyan na daƙiƙa, wato kimanin ninki dubu na saurin ƙiftawa. Ma'aikatan jirgin yaƙi mai jefa bam na B-52 sun yi amfani da tabaraunsa, duk da nauyinsa da yadda yake rage haske ko yana buɗe.

Abin da ke ci min rai shi ne, an yi wannan wahala duka don kare idon mai jefa bam, alhali mai walda a bakin titin Kano yana kallon tartsatsi da tabarau na kwalliya, wani ma tafin hannu yake karewa da shi. Da dare ido ya yi jawur, yana ji kamar an zuba masa yashi.

Hular walda mai duhuwa da kanta ta shiga kasuwa tun 1981 daga Suwidin. Sinadarin cikinta daban ne, amma dabarar ɗaya ce. Wasu za su ce da tsada, kuma gaskiya ne ga yaron da ke koyon sana'a. Shi ya sa nake ganin ya kamata gwamnati ta cire mata kuɗin fito, ƙungiyoyin masu walda kuma su wajabta wa kowane maigida ya tanadar wa yaransa ita kafin ya miƙa musu wuta.