Atishawar da ta kai mu asibiti da tsakar dare

Mai tsohon ciki ba ta sunkuyo. Abin da ya faɗi ƙasa ya faɗi ke nan, sai dai in yatsun ƙafa za su iya cafko shi. Tun da ciki ya shiga sati na 36 na ƙware a wannan fanni: cokali, makulli, ɗankwali, duk da ƙafa nake ɗauko su. Waya ce kawai ta gagare ni, ita sai na zauna ina kallonta har wani ya shigo. Takalmi mai maɗauri kuwa tuni muka yi sallama, don da yamma ƙafar kumbura take yi. Dalilin a fili yake: jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, ga mahaifa ta danne jijiyoyin da ke dawo da shi daga ƙafafu. Maganin shi ne a ɗora ƙafa kan filo ta ɗan yi sama, a rage doguwar tsayuwa. Wannan umarni ne na likita, kuma ina bin sa sau da ƙafa, musamman in aikin gida ya taru.

Dare shi ne babban aiki. Daga sati na 28 ake son mai ciki ta riƙa kwanciya ta gefe, saboda a rigingine nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Kwanciyar gefen kuma ba ta daɗi sai da filo uku: ɗaya tsakanin gwiwoyi don ƙugu ya huta, ɗaya ƙarƙashin ciki, ɗaya a baya. Na huɗun na kai ne, don ƙwannafi. Da maigida ya tambayi nasa filon, na ce masa ya shiga aikin gaggawa. In zan juya kuwa, sai ka ce tirela ce za ta yi kwana a lungu: a haɗe gwiwoyi, a dafa katifa, a juya gaba ɗaya, sannan a sake jera filo. Ana gama jerawa fitsari zai ce ga shi nan.

Shi ƙwannafin, sinadarin da ke riƙe ciki ne yake sassauta bakin tumbi, yaro kuma ya turo tumbin sama. Abin da ke rage shi: a ci kaɗan-kaɗan, a bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. In sharaɓa ta ɗaure cikin dare, a miƙe ƙafar sosai a jawo yatsu wajen ƙauri. Hannuna ba ya kai wa can, don haka wannan ma aikin maigida ne, ko da ƙarfe nawa ne.

Gadon jariri shi ya haɗa, ya kuma yi shi bisa ƙa'ida, ban rage masa komai ba. Tazarar sandunan ba ta wuce santimita 6 ba, don kada kan jariri ya shige. Katifa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, daidai bakin gadon babu rami a gefe. Babu filo, babu bargo mai kauri, babu 'yar tsana, tunda a rigingine ake kwantar da jariri kuma ba a son komai kusa da hancinsa. Ya ɗaure noti na ƙarshe, ya tsaya yana sha'awar aikinsa, sannan muka lura a falo ya haɗa shi, ƙofar ɗaki kuma ta fi gadon ƙanƙanta. Duk wanda zai haɗa gado ya fara auna ƙofa. Shi dai maigida ya kwance ya sake, bai yi magana da kowa ba har dare.

Jakar asibiti ana so a gama ta kafin sati na 37. Ni na gama tawa, kuma ba ƙaramar jaka ba ce: akwatin tafiya mai taya, wanda sai da maigida ya zauna a kansa zif ya rufu. Har yau ina ganin ina da hujja, wa ya san abin da yaro zai buƙata?

To, wani dare ina tsakiyar jera filo sai atishawa ta zo, irin mai ƙarfin nan. Nan take na ji jiƙa. Kafin in gama tunani ciki ya ɗaure tamau.

"Maigida, tashi! Faya ta fashe!"

Mutumin da sai an yi ta jijjiga kafin ya farka, sai ga shi tsaye. Ya sa riga a bai-bai, ya zura takalmi ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya nawa, ya ja akwati. Tayar akwatin ta ɓalle a bakin ƙofa, ya ɗora shi a ka. A hanya yana ta cewa in yi numfashi, alhali shi ne ke haki.

Muna isa, malamar asibitin da ke aikin dare ta dube ni, ta dubi akwatin, ta ce, "Sannu baiwar Allah. Ina katin awo?"

Na dubi maigida, ya dube ni. Katin yana cikin akwatin, can ƙasa, inda na adana shi don kada ya ɓata. Haka aka zazzage kaya a kan benci: rigunan ɗan wata shida, takalman jariri da ba zai taka ƙasa ba sai baɗi, baho, tawul kala-kala, har da fitilar ɗaki. Kati ne ya fito a ƙarshe.

Ta auna jini, ta saurari bugun zuciyar yaro, ta duba ni. Sai ta cire safar hannu a hankali ta ce, "Fayarki lafiya lau take. Fitsari ne."

Na ce, "Sista, a dai sake dubawa."

Ta ce ko sau nawa aka duba fitsari ne, kuma ba ni ce ta farko ba. Kan yaro ya sauka cikin ƙugu ya zauna a kan mafitsara, naman da ke riƙe ta ya saki, to atishawa ko tari ko dariya sun isa. Ta nuna min yadda ake rarrabewa. Ruwan faya garai yake ko fari-fari, ba shi da zarnin fitsari, kuma ba ya tsayawa don kin matse. In ana kokwanto, a je a yi fitsari tukuna, a sa audugar mata, a kwanta kamar rabin awa, sannan a miƙe. In ya ci gaba da zuba, a taho. In kore ne ko ruwan ƙasa, ko da jini, ba a jiran komai, don mai yiwuwa yaro ya yi kashi a ciki.

Ɗaurewar cikin kuma naƙudar ƙarya ce, wadda wani likitan Ingila, John Braxton Hicks, ya bayyana tun 1872. Ba ta da tsari, ba ta ƙara ƙarfi, in an sha ruwa ko an canja kwanciya sai ta lafa. Ta gaske tana zuwa a jere, tana matsowa kusa da juna, tana ƙara zafi, sau da yawa daga baya ta zagayo mara. A haihuwar fari, ma'aunin da aka saba bayarwa na tahowa asibiti shi ne: duk minti 5, kowacce ta kai kamar minti ɗaya, a yi awa guda a haka. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin a ce a yi nishi, nawa kuwa ko alamar buɗewa bai yi ba.

Ba ta yi mana faɗa ba. Cewa ta yi gara a zo a koma, sannan ta lissafa abin da ba a kwana da shi a gida: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ciwo ƙarƙashin haƙarƙari, zazzaɓi, awon jini da ya kai 140/90, da raguwar motsin yaro. Ta jaddada na ƙarshen, don mutane na cewa yaro yana rage motsi in haihuwa ta kusa, kuma ba haka ba ne.

Daga nan ta waiwayi kayan da ke kan benci, ta ware su da hannu ɗaya. Kati da takardun gwaji a aljihun waje. Nawa: riguna biyu masu buɗewa ta gaba don shayarwa, audugar masu jego, kamfai masu faɗi, silifas, buroshi, cajar waya. Na jariri: riguna uku ko huɗu na sabon haihuwa, wankakku, hula, safa, shawul, tawul mai laushi, da famfas ƙaramin lamba ƙunshi ɗaya. Shi famfas ɗin kada a raina shi, sabon jariri yana cin kamar 8 zuwa 12 a rana, kuma a naɗe bakinsa ƙasa da cibiya don ta bushe. Abin da ta ware bai cika rabin jakar hannu ba. Fitilar ta ɗaga ta daɗe tana kallo, ba ta ce komai ba.

Maigida, wanda ya zagaye ranar haihuwa da jan biro a kalanda, ya tambaya ko ke nan sai ranar za mu dawo. Ta ce cikin jarirai 20, kusan ɗaya ne ke zuwa a ranar da aka rubuta.

"To Sista, sauran 19 ɗin fa?"

"Yawancinsu tsakanin sati na 37 da na 42, ranar da suka ga dama."

Na ga yana lissafi da yatsu. Tun daga daren da kayan fita yake kwana, makulli a aljihu, takalmansa a jere bakin gado nesa da nawa. Ya kuma kwashe duk turaren ɗakin ya kulle a durowa, ya hana a yi shara ina kusa.