Hannun da ba ya bushewa a Legas

A Kano, idan bazara ta kankama a watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40, amma in ka yi alwala a ƙofar masallaci, kafin ka shiga sahu hannunka ya bushe ƙarau. A nan Agege sai ka sallame sallah da sauran lema a tsakanin yatsunka. Zafin Legas bai kai na gida ba, sai dai iskarta cike take da danshin teku, gumi ba ya barin jiki. A ganina daga nan wahalar hannayen mutanenmu take farawa, kuma har yanzu da dabarun gida muke tunkarar ta.

Teburin shayi gare ni, wuni nake hannuna cikin ruwan omo ina wanke kofuna. A shekarata ta biyu a garin nan wasu ƙananan ƙuraje suka feso min a gefen yatsu da tafin hannu, can cikin fata, kamar an jera ƙwayar gero mai ruwa. Ƙaiƙayinsu har barci yake hanawa. Bayan mako biyu zuwa uku suka bushe, fatar ta saɓe ta tsage, zafi na dawowa su ma suka dawo. Wani dattijo a zango ya duba ya ce, "Yaro, ƙazuwa ce, nemi farar wuta." Na ce, "To, Baba." Na shafa, hannun ya ƙara ɗaukar wuta.

Sai da na je asibiti likitar fata ta ce min wani nau'in kirci ne, su suna kiransa dishidirosis. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ƙazuwa kuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa fata, ta fi ci da dare, kuma takan bi 'yan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Wannan bambancin nake so mu riƙe, domin na ga yadda ake janye hannu daga gaisawa da mai ƙurajen nan, ana ƙin shan shayinsa, alhali babu abin da zai shafa wa kowa. Abin yana min ciwo ƙwarai.

Abubuwan da ke tayar da su kuwa su ne sana'armu a Legas: gumi, yawan jiƙa hannu, omo da sabulu mai ƙarfi, siminti ga masu aikin gini, ƙarfen nikel da ke cikin zobe da makullai, har da damuwa. Ku dubi 'yan garuwa, masu wankin mota, da masu tsintar tumatir a kasuwar Mile 12. Waye a cikinsu hannunsa ke hutawa?

A gida mun saba mai na hunturu ne, lokacin kaushi da faso. Da muka zo inda ake gumi sai muka ajiye shi. Nan muka yi kuskure. Ruwan omo yana kwashe maiƙon fata kamar yadda yake kwashe na tukunya, don haka hannun da ke wuni a ruwa ya fi bukatar basilin ko man kaɗanya fiye da na mutumin Kano a watan Janairu.

Fasa ƙurajen da allura yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Man nan na kemis mai haɗi uku da ake miƙa wa kowa ba tare da an duba ba, yawan shafa shi yana sirantar da fata. Akwai man da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki, shi ya kwantar min da nawa. In kuma ka ga mugunya, kumburi ko zogi, kada ka kwana ba ka je asibiti ba.

Yanzu safar auduga nake sakawa a ƙarƙashin ta roba in zan wanke kofuna, don roba kaɗai tana tara gumi. Bayan alwala ina tsane tsakanin yatsu da hankici. In ƙaiƙayi ya taso, tsumma mai ruwan sanyi nake ɗorawa na kamar minti 15, sannan in shafa mai in kwanta. Zoben da na zo da shi daga kasuwar Kurmi yana cikin akwati tun bara.