Aiki a jami'ar Kirista ba ya nufin barin Musulunci

A fadojin Yamai ana yawan cewa duk Musulmin da ya karɓi aiki a jami'ar Kirista sai an sa shi ya bar addininsa. Na fahimci tsoron, imani ba abin wasa ba ne. Amma maganar tana damuna, don tana hana ƙwararrunmu neman aiki.

Jami'o'in nan iri-iri ne. Wasu, kamar Wheaton a Amurka, suna buƙatar malamansu su sa hannu a takardar aƙidar Kirista. Waɗannan tun farko Kirista suke ɗauka, kuma a fili suke faɗa. Yawancin na Katolika kuwa ilimi suke dubawa, da mutunta manufar makarantar. Georgetown, jami'ar Katolika a Washinton, ta ɗauki limamin Musulmi aiki tun 1999, kuma ana sallar Juma'a a harabarta.