Aya Ɗaya Ta Ishe Ka Yini

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Kowace safiya ayoyi na shigowa wayoyinmu, daga rukunin zumuntar mata, daga na matasa, daga na mawaƙa. Mu danna "Amin", mu tura wa na gaba. In aka tare mutum da azahar aka ce wace aya ya tura da safe, sai ya hau sosa ƙeya. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, iyayenmu a ƙasar Tangale da Waja suka riƙe shi hannu biyu, ga shi yau yana cikin aljihun kowa, amma zama a kansa ya yi wuya.

Ubangiji ya umarci Joshuwa ya riƙa bimbini a kan littafin Shari'a dare da rana (Joshuwa 1:8), a lokacin da jagorancin dukan Isra'ila ya faɗo a wuyansa bayan rasuwar Musa. To wa zai ce ya fi Joshuwa hidima? Manomi a Billiri ya sani, ruwan da ya sauko da ƙarfi gudu yake yi zuwa kwari, yayyafin da ya daɗe shi ke jiƙa ƙasa.

Wasu suna ɗauka bimbini shi ne ka rufe ido ka kori kowane tunani. Wasu kuma buɗe Littafi suke yi suna farautar alkawarin da zai biya musu bukata, na aure, na aiki, na kuɗin makaranta. Bukatun nan gaskiya ne, Uba ya san da su. Sai dai tambayar farko ita ce: me wannan aya take nuna mini game da Allah?

Ɗauki Zabura 121, aya 8 ce kacal. Waƙa ce ta masu haurawa Urushalima sujada. Mai zabura ya ɗaga ido ya dubi duwatsu, kamar yadda matafiyi ke hango duwatsun Tula daga hanya, amma idonsa bai tsaya a kansu ba, ya wuce zuwa ga wanda ya yi sama da ƙasa. Tsaya a aya ta 4: Mai tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Karanta da murya, a hankali. Jiya da dare kai ka yi barci, shi bai runtsa ba. Lokacin da zazzaɓi ya hana yaronki barci, ke ma kika gaji ido ya rufe, Ubangiji yana nan a farke. Gode masa domin wannan. Tuba a kan damuwar da kake ɗauka kamar kai ne mai gadin ranka. Sa'an nan ka fita da ayar a bakinka, ka maimaita ta a cikin keke napep, a bakin rumfa, a bakin murhu.

Yesu da kansa ya tashi da asuba tun da sauran duhu, ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a (Markus 1:35). In gidanku cike yake da hayaniya, ki tashi kafin a hura wuta. Kakanninmu da idonsu ya yi rauni kuwa, a sa jika ya karanta musu ayar, ya sake karantawa har ta zauna.