Kilomita shida a taswira ba kilomita shida ba ne a kan dutse

Abin da ke damuna da masu shirin kai iyali yawon tsaunuka da jaka a baya shi ne lissafin lokaci. Sai mutum ya duba taswira, ya ga kilomita 6, ya ce ai awa ɗaya da 'yan mintuna ce. Yana da hujja, domin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa babba yakan ci kusan kilomita 5 a awa.

Sai dai hawa yana da nasa lokacin. A 1892 wani mai hawan tsaunuka ɗan Birtaniya, William Naismith, ya tsara ƙa'ida: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Hanyar kilomita 6 mai hawan mita 900 ta kai kusan awa 2 da minti 40 ke nan. Kuma wannan na lafiyayyen babba ne, ba a saka hutu ba. Da yara, da kaya, da tsakuwa mai zamiya, ku ba ta awa 5. Gangarowa ma ba ta da sauri yadda ake zato, gwiwa ce ke shan wuya.

Ku ƙirga layukan taswira masu nuna tsayin ƙasa don sanin yawan hawan, ku bi saurin ƙaramin yaro, ku isa masauki awa 2 kafin rana ta faɗi.