Masu shirin hawa dutsen Mont Blanc, ku tsaya ku ji

Ƴan uwana matasa, musamman ku da karatu ko neman abinci ya kai ku Turai, akwai maganar da ta daɗe tana ci na a rai, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Da an ga hoton wani a Instagram ya ɗaga hannu a saman Mont Blanc shikenan kowa sai ya ce shi ma bana sai ya hau, ya sayi jaket mai tsada da tabarau, a ganinsa ya gama shiri. Wallahi bai ma fara ba.

Dutsen nan da ke tsakanin Faransa da Italiya ya haura mita 4,800, kuma tun 1786 da Jacques Balmat da likita Michel Paccard suka fara taka samansa ake hawa, shi ya sa ake raina shi, ana cewa ai tafiya ce kawai. Tafiya ce, amma a inda iskar da kake shaƙa ta kusa komawa rabin wadda ka saba, kuma duk mita 1,000 da ka ƙara sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6. Ciwon tsauni kuwa ba ruwansa da ƙwanjinka, daga mita 2,500 yake fara kama wasu, ciwon kai, amai, jiri, ka ga ƙato ɗan motsa jiki ya zauna yana surutan da ba kan gado alhali dattijuwa ta wuce shi a hankali. Maganinsa ka ba jiki kwanaki yana sabawa a ƙananan duwatsu tukuna, in kuma ya kama ka to sauka, ba a jayayya da shi.

Ni kaina na je, ta hanyar Goûter da yawanci ake bi. Kafin ka kai masaukin Goûter da ke mita 3,835 sai ka tsallaka wani kwazazzabo da duwatsu ke gangarowa ta cikinsa, ya ci mutane da yawa, kuma da rana in ƙanƙarar da ta riƙe duwatsun ta narke ya fi muni. Mun kwana, wajen ƙarfe biyun dare muka fita da tocila a goshi, igiya ta haɗa mu. Muna isa ƴar bukkar gaggawa ta Vallot, mita 4,362, iska ta taso. Ruwan gorata ya daskare, yatsuna sun ƙi jan zif, sai da haƙori na ja. Jagoranmu ya kalli sama, ya kalli agogo, ya ce mu juya. Saura ƙasa da mita 500 fa! Na yi ta magiya ina lissafin kuɗin da na kashe da hutun da na ɗauka, har raina ya ɓaci, shi ko bai ma tanka ba, ya juya igiyar kawai ya sa ni a gaba.

Abin da nake so ku riƙe kenan. Tun kana ƙasa da hankalinka ka yanke lokacin juyawa, ƙarfe kaza in ban kai ba na dawo, don a can sama ƙwaƙwalwa ba ta aiki daidai, ga gajiya ga kunyar abokai ga hoton da ka riga ka yi wa mutane alkawari. Kuma saukowa ta fi hawa cin mutane tunda ƙarfi ya ƙare. A 1865 da aka fara hawa dutsen Matterhorn da ke tsakanin Suwizalan da Italiya, mutum bakwai ne suka kai sama lafiya lau, huɗu suka mutu a hanyar dawowa.

Sai ku masu zamiya a kan dusar ƙanƙara, waɗanda suka koya a filin da aka share aka sa alamu sannan suke son shiga daji, a manna ƙyalle a ƙarƙashin allunan zamiyar don kar su sulɓe baya, a hau da ƙafa a zamo. Ku tsoronku ya fi yawa a wurina. A can ba wanda ya share muku komai, akwai tsagar ƙanƙara mai zurfin gaske da dusa ta rufe bakinta kamar ba komai, akwai kuma zaftarewar dusa wadda ta fi faruwa a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45, wato daidai gangaren da ya fi daɗin zamiya. Kuma sau da yawa mutum ne da kansa ko abokin tafiyarsa ke tayar da ita. Kullum ana fitar da hasashen hatsarin daga mataki 1 zuwa 5, sai ka ji yaro ya ce ai yau 3 ne kawai, tsakiya, bai san a mataki na 3 ɗin aka fi mutuwa ba don a 4 da 5 kowa na gida.

In dusa ta binne mutum, minti 15 na farko su ne rayuwarsa, bayan haka numfashi ke ƙarewa. Jirgi mai saukar ungulu ba zai iso a wannan lokacin ba ko ka kira lambar gaggawa ta 112 nan take, in hazo ne ma ba zai tashi ba sam. Kai ne za ka tono shi. Shi ya sa kowa a tawaga sai da na'urar sigina mai nuna inda aka binnu a jikinsa a kunne, da sandar caka dusa don gano mutum, da shebur. Ba saya kaɗai ba, a binne jaka da na'urar a ciki a sa agogo a gwada nemo ta har hannu ya saba. Wanda bai taɓa yi ba kar ka bi shi, ko ɗan ɗakinku ne.

Hasashen yanayi ma kar ku yi wasa da shi. A Afrilun 2018 guguwa ta rutsa da masu zamiya a dutsen Pigne d'Arolla a Suwizalan, suka kwana a waje a cikin sanyi, mutum bakwai suka rasu, kuma masaukin da suke nema bai fi ƴan ɗaruruwan mitoci da su ba, ba sa gani ne kawai. Da jagora fa a cikinsu.

Na san ajali in ya zo ba makawa, amma ba a ce ka je ka tsokano shi ba, kuma kuɗin jagora mai lasisi da kake ƙyashi bai kai na jaket da wayar da ke hannunka ba in kun haɗa ku biyu. Mu ranar da muka dawo masaukin Goûter na leƙa ta taga, saman dutsen ya ɓace gaba ɗaya cikin farin hazo, na zauna da kofin shayi a hannu, yatsun nan suna dawowa da wani irin zafi kamar ana tsira min allura, ban iya ce wa jagoran komai ba sai da muka sauka ƙasa.