Alfashar da muke yaɗawa da yatsunmu

'Yan uwa, assalamu alaikum.

Da an ce alfasha, hankalinmu sai ya tafi kan zina, luwaɗi da maɗigo. Gaskiya ne, Suratul Isra'i aya ta 32 ta kira zina alfasha, Annabi Luɗu (AS) ma haka ya kira aikin mutanensa. Daga Larabci muka aro kalmar, al-fahisha, wato duk abin da muninsa ya wuce iyaka, aiki ne ko magana. Don haka batsa da ashar suna ciki. Ranar da wasu Yahudawa suka yi wa Manzon Allah (SAW) sallamar mugunta, Nana A'isha ta mayar musu da zafi, sai ya tausasa ta, ya ce Allah ba ya son alfasha. Magana ce fa kawai, kuma ramuwa take yi!

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Suratun Nur aya ta 19. Allah ya yi alkawarin azaba mai raɗaɗi, duniya da lahira, ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai. Ayar ta sauka ne kan ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Munafuki Abdullahi ɗan Ubayyu ya ƙulla zancen, amma bakunan Musulmi suka yi dakonsa. Misɗahu ya halarci Badar, Hassanu ɗan Sabitu mawaƙin Manzo ne, duk da haka sun sha bulala 80 saboda sun maimaita abin da suka ji. Allah ya ce kuna ɗaukarsa ƙaramin abu, alhali a wurinsa babba ne.

To mu fa? Bidiyon tsiraicin 'yar mutane ya fita, kafin la'asar ya zagaye WhatsApp. Mai turawa har ya rubuta "Innalillahi, duniya ta lalace" a sama, yana ganin wa'azi yake yi. Wallahi ba wa'azi ba ne, tonon asiri ne. Wataƙila yarinyar ta tuba tun a daren, wataƙila ma sharri aka yi mata, amma uwarta ta kasa shiga gidan biki, ƙannenta sun kasa zuwa makaranta.

Idan ya iso wayarka, goge shi, kada ka ce bari ka gani tukuna. Ka kira wanda ya turo, kai da shi, ka karanta masa ayar. Idan kai ke shugabantar zauren, ka cire bidiyon nan take, ko da yayanka ne ya saka.